Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Taron Masu Son Daina Shan Giya da Yadda Ake Halartarsa

Akasarin waɗannan tambayoyi mutum yakan yi wa kansa su ne da tsakar dare, ko kuma ya yi wa wani aminin nasa da sunan wai wani ɗan'uwansa yake tambayar wa. An tattara su a nan domin wanda giya ta fara fin ƙarfinsa, da kuma iyalin da suke kallonsa yana lalacewa sun rasa ta inda za su ɓullo wa lamarin.

Wane irin taro ne wannan, kuma su wane ne suke shirya shi?

Taro ne na mutanen da giya ta taɓa ɗaurewa, ko take ɗaure da su har yanzu, waɗanda suke haɗuwa a wani lokaci da aka tsayar domin su taimaki juna su zauna ba tare da sha ba. Ba likita ne yake jagorantarsa ba, ba malami ba, ba kuma jami'in gwamnati ba. Wanda yake buɗe taron shi ma tsohon mashayi ne, kuma mako mai zuwa wani daban ne zai iya zama a kujerar.

Ƙungiyar da ta fi daɗewa a wannan aiki ita ce Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. Ta samo asali ne a shekarar 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka. Wani dillalin hannun jari daga New York mai suna Bill Wilson ya je garin kan wata harkar kasuwanci da ta rushe masa, a lokacin yana da kimanin wata biyar rabonsa da giya. Yana tsaye a harabar otal ɗin da ya sauka, hayaniyar mashaya tana shigo masa kunne daga gefe guda, sai ya fahimci cewa idan bai samu wani mashayi irinsa ya yi magana da shi ba, to a ranar zai koma gidan jiya. Ya yi ta buga waya har aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Dakta Bob Smith, wanda shi ma giya ta kusa raba shi da sana'arsa. Likitan ya ce minti 15 kawai zai iya bayarwa, amma suka shafe sa'o'i suna hira. Ranar 10 ga Yuni, 1935, wadda ake lissafawa a matsayin ranar da likitan ya yi shansa na ƙarshe, ita ce ƙungiyar ta ɗauka ranar kafuwarta. A yau tana da tarurruka a ƙasashe kusan 180.

Abin da mutanen nan biyu suka gano shi ne, mashayi yakan toshe kunnensa daga nasihar wanda bai taɓa sha ba, amma yakan saurari wanda ya san irin ƙaryar da ake shirya wa matar gida da safe, domin shi ma ya yi ta. Akwai wasu ƙungiyoyin da suka biyo baya da nasu tsarin, kamar SMART Recovery da aka kafa a 1994, wadda ta dogara da dabarun sauya tunani da ɗabi'a maimakon matakai 12 na AA da bayaninsu zai zo a gaba, da Narcotics Anonymous da ta fara a 1953 domin masu tu'ammali da kowane irin kayan maye.

Ta yaya zan san cewa shan da nake yi ya kai matsayin neman taimako?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ka sha yi wa kanka alkawarin kwalba ɗaya ka ƙare da biyar, idan ka rantse ka daina fiye da sau ɗaya amma ka koma, idan kuɗin cefane ko na makarantar yara ya fara bin hanyar mashaya, ko kuma kana tauna kanumfari da goro a bakin ƙofa domin kada a ji wari, to tambayar ta riga ta amsa kanta. Babu bambanci tsakanin giyar kwalba, da ta leda, da burkutu, da ogogoro, da goskolo, domin sinadarin da yake kama jiki ɗaya ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wata takardar gwaji mai tambayoyi 10 da ake kira AUDIT, wadda ma'aikatan lafiya suke amfani da ita, kuma maki 8 ko sama da haka alama ce ta shan da yake da haɗari. Rahoton da hukumar ta fitar a 2024 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 400 a duniya suna fama da matsalar shan giya, miliyan 209 daga cikinsu kuwa jikinsu ya riga ya dogara da ita. A wurin taron kuwa ba wanda zai gwada ka. Sharaɗin shiga AA guda ɗaya ne tak, wato son daina sha.

Zan iya yanke sha a yau, gobe in tafi taro?

A nan ne ya kamata a tsaya a yi hattara, domin wannan batu ne na rai. Idan kai mai sha ne kullum, kuma da safe hannunka yana rawa har kofin shayi yana zuba kafin ya kai bakinka, sai ka kurɓi wani abu sannan rawar ta lafa, to kada ka yanke sha farat ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da giya yakan yi bore idan aka katse masa ita. Alamomin sukan fara tsakanin sa'o'i 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe: rawar jiki, gumi, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. Wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya a cikin kwana biyun farko. Mafi muni shi ne ruɗewar da kan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu, inda mutum yake ganin abubuwan da babu su, yana sambatu, jikinsa ya yi zafi, zuciyarsa tana bugu da sauri. Wannan yanayi yana kisa idan ba a kai mutum asibiti ba, kuma sau da yawa iyali sukan ɗauka aljanu ne ko sammu, a ɓata kwanaki ana hayaƙi da tofi alhali gadon asibiti yake bukata.

A asibiti ana ba da magungunan da suke kwantar da wannan bore na 'yan kwanaki, tare da sinadarin bitamin B1 da yake kare ƙwaƙwalwa. Idan ka je wurin likita, ka faɗa masa gaskiyar yawan abin da kake sha da lokacin da ka sha na ƙarshe, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma da wannan bayanin ne zai auna maganin. Taron 'yan'uwa ba ya maye gurbin wannan mataki. Za ka iya fara zuwa taro tun kafin ka ga likita, amma batun yanke sha ga mai rawar hannu na likita ne.

To a ina zan samu irin wannan taro?

Gaskiyar magana ita ce, tarurrukan da ake haɗuwa ido da ido sun fi yawa a Amurka, da Turai, da Afirka ta Kudu, sannan a manyan birane irin su Nairobi, Accra da Legas. A garuruwan Arewa da na Nijar ba abu ne da za ka ga allonsa a bakin titi ba, saboda haka sai an bi ta hanyoyi.

Hanya mafi kusa ita ce sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibiti. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jos, duk suna karɓar masu matsalar shaye-shaye. Ka tambayi likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a na sashen kai tsaye ko akwai zaman rukuni da ake yi wa waɗanda aka sallama, ko kuma sun san wata ƙungiyar tsofaffin mashaya da take haɗuwa a garin. Su ne suka fi kowa sanin taron da yake ci da wanda ya mutu, domin irin waɗannan tarurruka sukan buɗe su kuma rufe gwargwadon mutanen da suke riƙe da su. Ofisoshin hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi na jihohi ma suna da sashen ba da shawara, ko da yake sun fi mayar da hankali kan ƙwayoyi.

Hanya ta biyu ita ce intanet. Tun lokacin annobar korona a 2020 dubban tarurruka suka koma manhajar Zoom, kuma da yawansu ba su daina ba. Shafin Online Intergroup of Alcoholics Anonymous yana ɗauke da jadawalin tarurrukan da ake yi dare da rana, kuma SMART Recovery ma tana da nata. Mafi yawansu da Turanci ne, amma wanda yake Yamai, Maraɗi, Garwa ko Njamena zai iya neman Alcooliques Anonymes ya samu na Faransanci, akwai kuma na Larabci. Ka kula da bambancin agogo: Najeriya da Nijar suna gaban Landan da sa'a ɗaya a lokacin hunturunsu, agogon kuma yakan zo daidai a lokacin bazararsu, sannan suna gaban New York da sa'o'i biyar ko shida. Idan ka rufe kyamara, data ba za ta tafi da yawa ba, kuma za ka iya sauya sunan da yake fitowa a allo kafin ka shiga.

Idan ka samu adireshin taron ido da ido, ka kira lambar da aka bayar ka tabbatar da rana da lokaci kafin ka hau abin hawa. Mutumin da ya yi mako guda yana tattara ƙarfin hali, ya je ya tarar da ƙofa a garƙame, da wuya ya sake komawa.

Me ake yi a cikin taron?

Ɗaki ne da kujerun roba da aka jera a zagaye, wani lokaci da butar shayi a kan tebur. Taron yakan ɗauki sa'a guda. Mai jagoranci zai yi maraba, a karanta 'yan bayanai kan manufar ƙungiyar, sannan a tambaya ko akwai wanda ya zo karo na farko. Daga nan sai mutane su riƙa magana ɗaya bayan ɗaya. Kowa yakan fara da sunansa na farko kawai, ya ce shi mashayi ne, sauran su amsa masa da gaisuwa. Wani zai ba da labarin yadda ya tashi a bakin kwata bai san yadda aka yi ya je can ba, wani kuma zai ce yau kwanansa 40, jiya ya wuce ta gaban tsohuwar mashayarsa ƙafarsa ta so ta karkata amma ya kira wani ɗan'uwa a waya har ya wuce. Ba a katse mai magana, ba a yi masa gyara, ba a kuma ba shi shawara sai ya nema bayan an tashi.

Abin da yake ba sabon zuwa mamaki shi ne dariya. Ya shigo yana tsammanin zaman makoki, sai ya tarar da mutane cikin tsafta da walwala suna faɗin abubuwan da shi yake ganin da ya faɗe su gara ƙasa ta tsage ya shige. A ganina wannan shi ne babban maganin da ɗakin yake bayarwa a ranar farko: mutum ya gane cewa abin da ya ɓoye shekara goma ba shi kaɗai ne ya aikata ba, kuma waɗanda suka aikata shi ga su nan sun miƙe.

A jadawalin Turanci za ka ga an rubuta wa wasu tarurrukan kalmar open, wasu kuma closed. Na farko kowa zai iya zuwa, har da iyali da ma'aikatan lafiya. Na biyu kuwa na waɗanda suke da matsalar shan ne kawai.

Dole ne in yi magana?

A'a. Idan layi ya zo kanka, ka ce yau sauraro ka zo yi, shi ke nan za a wuce. Ba dole ba ne ka kira kanka mashayi, kuma ba a rubuta sunan kowa a rajista.

Nawa ake biya?

Ba a biyan kuɗin shiga ko na wata. Ana zagayawa da kwando ko kwano kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa domin hayar ɗaki da shayi, wanda ba shi da shi ya miƙa gaba. Ƙa'idar AA ce ba ta karɓar gudummawa daga waje. Duk wanda ya nemi ka biya kuɗin fom, ko ya ce yana da wani haɗin magani na sayarwa da sunan ƙungiyar, ka san ba ita ba ce.

Yaya batun rufin asiri? Idan na tarar da wanda ya san ni fa?

Wannan tsoro ne na gaske, kuma bai kamata a raina shi ba. A garuruwanmu sunan mashayi ba ya tsayawa kan mai shi, yakan bi 'ya'yansa har wurin neman aure. Sannan tun daga farkon shekarun 2000 jihohin Arewa 12 suke aiki da dokokin Shari'a, inda shan giya laifi ne ga Musulmi mai hukuncin bulala. Saboda haka mutum ya gwammace ya mutu da ciwonsa a ciki da a ji.

Kalmar Anonymous da take cikin sunan AA ma'anarta ɓoye suna, kuma ginshiƙin tafiyar ke nan. Abin da aka ji a ɗakin, da fuskar da aka gani, a nan ake barin su. Idan ka haɗu da ɗan taro a kasuwa yana tare da mutanensa, ba za ka nuna inda ka san shi ba, shi ma haka. Wanda ka tarar a can kuwa, ko maƙwabcinka ne, abin da ya kawo ka shi ya kawo shi, kuma asirinsa yana hannunka kamar yadda naka yake hannunsa.

Amma a sani cewa wannan alkawari ne na mutunci tsakanin mutane, ba doka ce take tsare shi ba kamar sirrin da yake tsakanin likita da majinyaci. Don haka ba komai ake zazzagewa a gaban jama'a ba. Abin da ya shafi wani laifi, ko sunan wani mutum, ko sirrin aure, a ajiye shi sai an samu mutum ɗaya da aka amince da shi. Wanda yake ganin garinsu ya yi masa ƙanƙanta, ya fara da taron intanet ko na wani gari.

Ni Musulmi ne. Shin wannan ba harkar coci ba ce?

Tushen AA yana da alaƙa da wata ƙungiyar Kirista da ake kira Oxford Group, wadda waɗanda suka kafa AA suka fara zama a cikinta kafin su ware. Tarurruka da yawa a ƙasashen Turawa a ɗakunan coci ake yin su saboda arahar haya, kuma wasu sukan rufe da addu'ar Kirista. Sai dai AA ba ta ƙarƙashin kowane addini, ba ta kuma neman kowa ya sauya nasa. Matakanta suna magana ne kan miƙa lamari ga Ubangiji gwargwadon yadda mutum ya san Shi, kuma Musulmi ya san wa yake nufi idan ya ce Ubangiji. Idan ana karanta addu'ar da ba taka ba, ka yi shiru ka yi taka a zuci, ba wanda zai dube ka. Musulmi a birnin Baltimore na Amurka sun kafa tasu ƙungiyar mai suna Millati Islami a 1989, inda suka daidaita matakan da Alƙur'ani da Sunna, kuma ƙasar Iran tana cikin wuraren da Narcotics Anonymous ta fi yawan tarurruka a duniya.

Akwai wata damuwar da ta fi wannan zurfi, wato cewa addini ya hana mutum tona asirin da Allah Ya rufa masa. Abin da aka hana shi ne bayyana saɓo don alfahari ko rashin kunya. Wanda ya faɗi ciwonsa domin neman magani, ga likita ko ga wanda ya taɓa warkewa daga irinsa, niyyarsa daban ce, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa da riƙon amanarsa. Yana da kyau a tuna cewa haramcin giya a hankali ya sauka, daga aya ta 219 ta Suratul Baƙara, zuwa ta 43 ta Suratun Nisa'i, har zuwa ta 90 ta Suratul Ma'ida. Kuma ya zo a Sahihul Bukhari cewa an sha kawo wani mutum gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Mutumin da ya yi tuba sau ashirin yana warwarewa ba ƙarin tsinuwa yake bukata ba, yana bukatar wanda zai ɗaga wayarsa da ƙarfe goma na dare lokacin da sha'awar ta taso.

Ga Kirista mai jin Hausa a Jos, Kafanchan ko Numan, amsar ɗaya ce: taron ba ya maye gurbin ibadarsa, kuma ba ya karo da ita.

Ni mace ce, zan iya zuwa?

Za ki iya, kuma mata suna cikin wannan tafiya tun shekarunta na farko. Nauyin kunya ya fi yawa a kan mace, shi ya sa takan daɗe tana sha a ɓoye kafin a gane, alhali giya ta fi saurin lahanta hantar mace fiye da ta namiji. Akwai tarurruka na mata zalla, musamman a intanet, kuma da su ya fi kyau ki fara, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Idan kin je taron da yake haɗe, ki karɓi lambar waya daga mata kawai. Duk namijin da ya fara matsa miki da kulawa ta musamman da sunan taimako, ki sanar da wata dattijuwa a cikin taron, domin ɗakin na mutane ne masu rauni, ba na waliyyai ba. Mai juna biyu kuwa ta gaya wa ma'aikaciyar awo gaskiya tun da wuri.

Mene ne matakai 12, kuma wane ne jagora?

Matakan su ne tsarin da AA ta wallafa a 1939. Suna farawa da mutum ya amsa cewa giya ta fi ƙarfinsa kuma rayuwarsa ta kuɓuce masa, sannan ya nemi taimakon Ubangiji, ya zauna ya yi wa kansa hisabi a rubuce, ya faɗa wa mutum ɗaya amintacce abin da ya gano, ya lissafa waɗanda ya cuta ya nemi gyara tsakaninsa da su inda hakan ba zai jawo wata cutar ba, daga ƙarshe ya taimaki wani mashayin. Wanda ya san sharuɗɗan tuba da mayar da haƙƙi ba zai ji baƙon abu a nan ba. Shawara ce, ba a tilasta wa kowa.

Jagora, wanda ake ce wa sponsor da Turanci, ɗan taro ne da ya daɗe bai sha ba, wanda kai da kanka za ka zaɓa ya bi da kai cikin matakan. Ka saurari mutane na 'yan makonni, wanda ka ga zamansa da maganarsa sun kwanta maka, ka tunkare shi. Ba ubangidanka ba ne, ba ya ba da rance, ba ya raba aure ko ɗaura shi, kuma kana da damar sauya shi.

Sau nawa ya kamata in riƙa zuwa?

A farko, gwargwadon iko. Tsofaffin 'yan taro sukan ba da shawarar taro 90 a kwana 90, ba don doka ba ce, sai don lokacin da aka saba zama a mashaya, daga bayan la'asar zuwa dare, yana bukatar abin da zai cike shi. Kada ka yanke hukunci da taro ɗaya, domin kowane rukuni da irin halinsa. Ka gwada biyar ko shida. Kuma ba a ce ka yi alkawarin har abada ba, alkawarin yau kaɗai ake ɗauka, gobe idan Allah Ya kai mu a sake ɗauka.

Shin abin yana aiki kuwa?

A 2020 cibiyar Cochrane, mai tattarawa da tantance binciken lafiya, ta wallafa nazarin da John Kelly, Keith Humphreys da Marica Ferri suka yi, inda suka tattara bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. Sun gano cewa shirye-shiryen asibiti da suke haɗa majinyaci da AA bisa tsari sun fi sauran sanannun hanyoyin ba da shawara wajen sa mutum ya daina sha gaba ɗaya na tsawon lokaci, kuma sun fi araha. Wannan ba ya nufin kowa yake dacewa. Akwai waɗanda tsarin bai karɓe su ba, suka samu lafiya ta wata ƙungiyar ko ta hannun likita, kuma ba laifinsu ba ne.

Ina shan maganin asibiti, sai in daina?

Kada ka daina. Akwai magunguna irin su naltrexone da acamprosate da suke rage sha'awar giya, kuma mutane da yawa suna haɗa shan giya da ciwon damuwa da yake bukatar nasa maganin. Matsayin AA a rubuce shi ne kada ɗan taro ya mayar da kansa likita. Duk wanda ya ce ka zubar da maganinka, ra'ayinsa ya faɗa, kuma kuskure ne.

Idan na koma sha bayan na fara zuwa fa?

Ka dawo taro na gaba, ko da warin yana jikinka, muddin ba za ka tayar da hankalin mutane ba. Ba a korar kowa saboda ya zame, kuma da yawa daga masu shekara goma a ɗakin sun zame a farkon tafiyarsu. Abin da yake halaka mutum shi ne kunyar da take hana shi dawowa, har zamewar dare ɗaya ta zama ta shekara. Ka zauna da jagoranka ku duba abin da ya gabaci shan: albashi ne ya shigo, faɗa aka yi a gida, ko tsohon aboki ne ya kira? Idan shan ya ɗauki kwanaki, batun likita da aka yi a sama ya dawo sabo.

Mijina ne, ko ɗana, yake sha. Zan iya tilasta masa?

Za ki iya raka shi taron da kowa yake shiga, ki zauna kusa da shi, amma ba za ki iya so a madadinsa ba. Akwai ƙungiyar Al-Anon da Lois, matar Bill Wilson, ta kafa tare da wata abokiyarta a 1951 domin iyalan mashaya, kuma tana da tarurruka a intanet. A can ake koyon yadda za a daina biya masa bashin mashaya da yi masa ƙarya a wurin aiki, ba tare da an daina ƙaunarsa ba. Idan akwai duka a gidan, tsaron lafiyarki da ta yara shi ne farko.

Ina roƙon iyaye su guji kai ɗansu inda za a sa masa mari. A 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu garuruwa, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Ɗaure mai shan kullum ba tare da likita ba yana iya zama ajalinsa a kwana ukun farko.

Idan babu taro ko ɗaya a garinmu fa?

Ka riƙe na intanet tukuna, ka samu jagora ko da a wata ƙasa yake, domin WhatsApp ya ɗauke wannan nisa. Babban ofishin AA da yake New York yana da tsarin wasiƙu na musamman domin waɗanda suke zaune inda babu taro. Idan ƙafarka ta tsaya na wasu watanni, ka sani cewa a ƙa'idar ƙungiyar mutum biyu ko uku da suka haɗu domin su daina sha sun isa su kira kansu rukuni, matuƙar ba su jingina kansu da wata ƙungiya ba. Ka gaya wa likitan da ya duba ka cewa idan ya samu wani mai irin matsalarka da yake so, ya ba shi lambarka. Ku nemi ɗaki a asibiti ko wani aji bayan an tashi makaranta, inda shigar mutum ba za ta jawo tambaya ba, ku tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya a mako, ku yi da Hausa. Ko mutum ɗaya ne ya samu zuwa, ya buɗe ƙofar ya zauna har sa'ar ta cika.